Ƙuda Ba Ya Sauka, Mu Kuma Muna Ci: Tsakanin Fiya-Fiya da Rigar Kaitosan

Akwai wata magana da na gaji da jin ta. Duk sanda aka yi wa mai wake ko mai busasshen kifi faɗa a kan yayyafa wa kayansa maganin ƙwari, amsar ba ta wuce ɗaya: "To ai Turawan ma sinadari suke sawa, ba ka ga bidiyon tuffar nan ba?" Bidiyon kuwa kowa ya san shi, duk bayan 'yan watanni sai ya sake zagayowa a WhatsApp. Wani ya sa wuƙa yana kankare bayan tuffa, farin abu yana fita, ana ta salati wai an shafa wa abinci kyandir. Nan mai fiya-fiya yake samun mafaka. In dai masu boko ma suna shafa wa abinci wani abu don kada ya lalace, shi wane laifi ya yi?

Wannan hujja ba ta da tushe, kuma mutane na mutuwa a kanta.

Mu ɗauki Kasuwar Kure ta Minna, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Injiniya Abdulƙadir Kure, gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007. Doya tana shigowa daga Paiko da Gwada, shinkafa daga wajen Bida da Badeggi, kifi banda daga bakin Shiroro da Kainji, wake da tumatir da tattasai kuma galibi daga jihohin da ke arewa da mu. A watannin Maris da Afrilu zafin Minna yakan kusanci digiri 40, damina na sauka kuma sai laima ta karɓi aiki. Tumatir ya ruɓe, kifi ya yi fumfuna da tsutsa, ƙwaro ya mayar da buhun wake gari. Asarar ɗan kasuwa gaskiya ce, ba wanda ya isa ya raina ta. Ba kuma cewa nake yi duk mai tebur a Kure yana wannan aika-aika ba. Mafi yawansu masu tsoron Allah ne. Amma kaya kafin su iso Minna sun bi hannu uku ko huɗu, kuma ɗabi'ar nan ta game kasuwannin ƙasar. Buhu yana iya zuwa da gubarsa tun daga ƙauye, wanda ya sauke shi bai sani ba.

Fiya-fiya da Sniper da danginsu duk sinadari guda ne a cikinsu, ana kiran sa daikulobos. Kaitosan kuwa, wanda nake so mu kwatanta su da shi, farin gari ne da ake fitarwa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, a narkar da shi a yi wa abinci siririyar riga da shi. Bayanin ke nan a taƙaice. Inda magana take shi ne abin da kowannensu ke yi in ya shiga cikin mutum.

Daikulobos don kisa aka yi shi. Jijiyoyin ƙwaro da na ɗan Adam hanya ɗaya suke bi wajen aika saƙo, kuma a jikin kowannensu akwai wani abu da aikinsa shi ne ya katse saƙon da zarar ya isa. Wannan abin fiya-fiya ke ɗaurewa. Sai saƙo ya yi ta zuba ba tsayawa: yawu ya dalalo, gumi ya keto, ga amai ga gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina, jiki ya kama karkarwa, numfashi ya gagara. Abin da ya sa ƙuda ya faɗi nan take mutum bai faɗi ba, har da girman jiki. Yaro ɗan shekara uku kuwa ba shi da jikin babba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ma ta sa daikulobos cikin jerin abubuwan da ake zargin suna iya jawo ciwon daji.

Farin abin da ke bayan tuffa kuma kaki ne. Ita kanta tuffar tana yin nata kakin tun tana kan bishiya. In an wanke ta a wurin tattarawa ya tafi, sai a mayar mata da wani, kamar na ganyen wata bishiya ta ƙasar Brazil ko kakin zuma, waɗanda hukumomin abinci suka gwada suka yarda a ci. Mai son ya wanke ko ya fere, ya yi. Amma wanda ya ajiye wannan kusa da maganin kashe kyankyasai ya ce duka sinadari ne, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya sani yana neman abin da zai rufe bakin mutane.

Sai a ce, "Ai ɗan kaɗan ne." Wa ya auna? Da murfin kwalba, da tsintsiya, da kwanon ruwa ake wannan aiki, ba ma'auni ba lissafi. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda wannan sinadari. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo; abin da aka riƙa samu a waken namu daga 0.03 ne har zuwa 4.6. Wato a wani buhun an ninka iyakar sau 460. Wannan fa waken da aka zaɓa aka tsince don fitarwa waje ke nan. Ina ga wanda aka bar mana a gida, wanda ba mai duba shi? Tun kafin nan, a 2008, ɗalibai fiye da 100 na makarantar sakandaren 'yan mata ta Doma a Jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake da aka adana da maganin ƙwari. A ƙarshen 2018 bidiyon wani mai wake yana zuba Sniper a kayansa ya tayar da ƙura har hukumar kare haƙƙin masu saye ta fito ta yi gargaɗi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwanni da kantuna. Duk da haka har yau yaro ma in aka aike shi zai sayo.

Sai a sake cewa, "Rana na fitar da shi, wanki da wuta na kashe shi." A nan akwai ƙwayar gaskiya, shi ya sa maganar ta fi sauran haɗari. Daikulobos yana bin iska, kuma jiƙawa da tafasawa suna rage shi. Ragewa dai, ba kawarwa ba. Nawa ya tafi, nawa ya rage, uwar gida ba ta da yadda za ta gane a bakin murhu. Kuma wa ya ce komai ake dafawa? Yaro yakan ɓalli gefen busasshen kifi ya jefa a baki tun a hanyar gida. Kifi mai maiƙo, irin tarwaɗa, yana shanye maganin ya shige cikin tsokarsa, inda ruwan wanki ba ya kaiwa. Sannan in maganin yana bin iska, hancin wa yake fara shiga? Na mai shagon da ke wuni a kansa, da yaron shagonsa, da ɗan dakon da ya ɗora buhun a ka. Alhaji, kai ne farkon wanda kake shayarwa.

Akwai kuma masu saye da suka ɗauki rashin ƙuda a matsayin shaidar tsabta. Hajiya ta wuce tebur da ƙuda ke shawagi, ta tsaya a wanda ko ɗaya babu, a buɗe, a tsakiyar zafi, ba raga ba murfi. Ba ta tambayi kanta me ya kore su ba. Ba cewa nake yi a nemi mai ƙuda a saya ba. Ƙuda ma cuta yake ɗauke da ita. Abin nema shi ne kayan da aka kare da raga ko gilashi. Wanda aka bari a fili kuma ƙuda ya ƙi shi, wannan abin tambaya ne.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta fi ban tausayi: "To ya za mu yi? Ba wata hanya." Akwai. Wasu tsofaffi ne, wasu sababbi, kuma kaitosan na cikin sababbin da ya kamata mu fara sani.

Wanda ya taɓa cin soyayyar fara ya riga ya ci uwar kaitosan. Ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras an gina shi ne da wani abu da ake kira kaitin, wanda ke jikin ƙwari da jatan lande da ƙaguwa da naman kaza. Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, shi ya fara ware shi daga naman kaza a 1811, a 1859 kuma wani ɗan ƙasarsu, Charles Rouget, ya dafa shi da sinadari mai kaifi ya samu abin da daga baya aka raɗa wa suna kaitosan. Yau a masana'anta ana wanke ɓawon a busar a niƙa, a cire masa alli da ruwan asid, a cire ragowar nama da soda irin ta masu sabulu, sannan a sake dafa shi cikin soda mai ƙarfi sosai, a wanke har sai ya fita tas. Garin da aka samu ba ya narkewa a ruwan sha, amma yana narkewa a ruwa mai ɗan tsami, kamar wanda aka ɗiga wa kal. In aka tsoma tumatir ko mangwaro a ciki aka bar shi ya sha iska, sai ya fito da wata riga mai shara-shara, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce, sai dai ita ido ba ya ko ganin ta. In kuma aka zuba ruwan a faranti, aka ƙara ɗan gilisarin don kada ya tsage, ya bushe, sai a ɓamɓaro shi a matsayin leda da za a naɗe nama ko kifi.

Aiki biyu wannan riga take yi. Na farko, tumatir da mangwaro da gwanda suna ci gaba da numfashi bayan an tsinke su, kuma da wannan numfashin suke nuna har su zarce su ruɓe. Rigar tana rage iskar da ke shiga da fita, sai nunar ta yi jinkiri. Na biyu, a cikin ɗan tsami kaitosan yana ɗauke da cajin lantarki kishiyar wanda ke bayan ƙwayoyin cuta. Sai ya manne musu, ya lalata fatarsu, abin cikinsu ya tsiyaye, ko kuma ya hana su samun abin da za su rayu da shi. Haka yake hana fumfuna yaɗuwa, har da irin wadda ke sa baƙaƙen tabo a jikin mangwaro da gwanda. Masu bincike sukan ƙara masa man kanumfari ko kirfa ko citta don ya ƙara ƙarfi, wasu kuma suna haɗa shi da ƙaro, wanda Allah Ya hore mana a Jigawa da Yobe da Borno. Gwaje-gwaje masu yawa a ƙasashe daban-daban sun nuna yana ƙara wa tumatir da 'ya'yan itace da ƙwai da ɗanyen kifi kwanaki kafin su lalace. A Japan da Koriya an daɗe ana sa shi cikin abinci, ana kuma yin bandejin tsayar da jini da shi. Ledarsa in aka yar tana ruɓewa ta zama ƙasa, ba ta toshe kwata. Ga masu tambayar halasci, a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne.

Kada kuma a wuce gona da iri. Kwanaki yake ƙarawa, ba watanni ba. Ba ya mayar da ruɓaɓɓen tumatir sabo. Ba ya jure laima sosai, don haka shi kaɗai ba zai tsare kifi daga damshin watan Agusta ba. Ba maganin ƙwaron wake ba ne, ba kuma maganin ƙuda ba. Wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ya yi hattara da shi. Yau ba kaya ba ne da za ka tarar a shagon unguwa, kuma ba abin haɗawa a tsakar gida ba ne, don asid da sodar da ake aikin da su suna ƙone fata su makantar da ido. Gobe in wani ya zo da farin gari a ƙulle a leda ya ce kaitosan ne, a tambaye shi lambar NAFDAC. In babu, a bar masa kayansa.

Abin da ke ci mini rai shi ne Jihar Neja ba ta rasa masu iya wannan aiki ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya tana Minna tun 1983, a Bosso da Gidan Kwano, kuma a cikinta akwai cibiyar nazarin gubar fumfuna da lafiyar abinci da Bankin Duniya ya tallafa wa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa, ta binciken hatsi tana Badeggi. Ɓawon jatan lande yana zube a garuruwan bakin teku irin su Oron, fara kuma buhu-buhu ake sayar da ita a Kano da Maraɗi. Me zai hana a gwada wannan riga a kan tumatir ɗinmu da bandar tarwaɗarmu, a cikin zafin Minna, tare da 'yan kasuwar Kure, a faɗa musu da Hausa da Nufanci da Gwaranci nawa za su kashe a kan kwando guda, kwana nawa za su samu? Bincike in ya tsaya a kan takarda, mai fiya-fiya ne zai ci gaba da koyar da kasuwa.



Kafin kaitosan ya iso, ga abin da ke hannunmu yau.

Mai wake, ka busar da shi sosai, har in ka ciza ya fashe da ƙara. Ka nemi buhun PICS, mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro shi tare da abokan aikinsu na arewacin Kamaru, aka yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma a Kano ma ana yin sa. Ka duba kowace leda kada ta zama da huda, ka matse iskar, ka ɗaure kowane hawa daban, ka ɗora a kan katako nesa da bango da ɓera, kada ka riƙa buɗewa. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu, ba ko ɗigon magani. Durom ko jarka mai murfi da ke rufuwa ruf, wadda ba a taɓa zuba mai ko magani a cikinta ba, ita ma haka take yi in aka cika ta fal. Ƙwayar nan mai fitar da hayaƙin guba da ake jefawa a buhu kuwa aikin ƙwararru ce a sito. Kada a kuskura a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da ake kwana.

Mai kifi, ka tsoma shi a ruwan gishiri kafin banda, gishiri yana rage tsutsa da ƙwaro. Ka bar shi ya bandu har ciki, kada ka sauke shi da sauran ruwa don ya yi nauyi. Da damina ka riƙa mayar da shi kan wuta lokaci zuwa lokaci. Ka sa kafinta ya yi maka akwati mai raga. Kuɗinsa sau ɗaya ne, na kwalba kuwa kullum ne.

Mai tumatir da kayan miya, kwandon roba mai huji ya fi na kaba, don ba ya matse na ƙasa. Ka ware mai rauni tun da safe, ka nemi inuwa. Ga kuma dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Da rani tana sanyaya kaya ba tare da wuta ba.

Uwar gida, ki shinshina kafin ki biya. In wake ko kifi na warin magani, ko kika ga matattun ƙudaje a gefen tire, ki wuce, ko da rabin kuɗi aka bar miki. Wake mai 'yan huji kaɗan ba abin tsoro ba ne. Ki jiƙa, ki zubar da ruwan, ki tafasa ki sake zubarwa. Kifi ki wanke da ruwan zafi, kada ki ba yaro ya ci haka nan. Wanda kika ajiye a gida ki zuba a roba mai murfi, in kina da firiza ki sa shi ya yi kwana uku ko huɗu. In kuma bayan cin abinci aka ga mutum yana dalalar da yawu, yana gumi da amai, numfashi na sarƙewa, a garzaya da shi Babban Asibitin Minna ko mafi kusa. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Abin yana iya faɗawa huhu ya ƙara masa wata masifar. A tafi da ragowar abincin. Likitoci suna da allurar da ke karya wannan guba in an kai da wuri.

Shugabannin kasuwa da duba-gari, wannan naku ne. Ƙungiyar da ke iya rufe shagon wanda bai biya kuɗin wata ba tana iya rufe na wanda aka kama da kwalba a bayan buhu. Ku sayo buhunan PICS a sari ku raba wa 'yan ƙungiyarku bashi, ku gayyato malaman jami'a su shigo layin kifi da layin wake. Malamanmu kuma su tuna wa jama'a cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe da busasshe, ya tsawata masa ya kuma nisanta mai ha'inci daga al'ummarsa. Wancan ruwan sama ne kawai aka ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000. Ba ma bukatar wani ya ƙara a kan wannan da hannunsa saboda ribar mudu biyu.

Ma'aunin mai sauƙi ne, ko wanda bai je makaranta ba zai iya riƙe shi: abin da ba za ka yarda ka ɗiga a kwanon ɗanka ba, kada ka ɗiga a buhun da 'ya'yan wasu za su ci. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya sa wa kasuwanninmu albarka ta halal.